Yadda Zaki Tsara Cefane Da Girkin Sati Domin Iyali Su Ci Abinci Mai Gina Jiki

A gidajenmu da yawa ba rashin kuɗi kaɗai ke sa ake cin abincin da baya ƙara lafiya ba, rashin tsari ma yana da nashi kason. Maigida ya ajiye kuɗin cefane da safe ya fita, sai wajen sha ɗaya uwargida ta fara tunanin yau kuma me za'a ɗora, a aiki yaro bakin titi ya siyo kayan miya ɗan ƙulli, magi, mai a leda, taliya leda biyu, shikenan an wuce wajen. Gobe ma haka, jibi ma haka. Idan kika zauna kika yi lissafi a ƙarshen wata zaki ga kuɗin da aka kashe ba kaɗan bane, amma abinda ya shiga cikin yaran nan shinkafa ce da taliya da mai, ganye babu, wake sai jefi jefi, 'ya'yan itace kuwa sai in wani ya kwanta rashin lafiya aka kawo dubiya. Toh wannan shine abinda nake so mu gyara, kuma da irin kuɗin da dama ake kashewa, ba sai an je babban kanti an kwaso kayan gwangwani na ƙasar waje ba.

Matakin farko tun kafin a yi maganar kasuwa, ki shiga sito ko duk inda kike ajiye kayan abinci ki duba me ya rage. Ki buɗe robobi da buhuna ki gani da idonki, kar ki ce ai na sani. Shinkafa kwano nawa ce, wake ya fara ƙwari ko da sauransa, garin kuka ya kusa ƙarewa, daddawa fa, manja fa. Ki rubuta a takarda ko a waya. Wannan aikin baya cin lokaci amma shi ke hana a siyo abinda akwai a gida a manta da wanda babu.

Mataki na biyu shine jadawalin girki na kwana bakwai, kuma anan zan ɗan daɗe saboda duk sauran abubuwan akansa suke tafiya.

Ki ɗauki takarda ki raba ta gida uku, karin safe, rana, dare. Kafin ki rubuta komai ki riƙe wannan a ranki: duk abincin da za'a zuba a faranti ana so a samu abu uku a ciki. Akwai mai bada ƙarfi, wato hatsi da dangoginsa, gero, dawa, masara, acha, shinkafa, alkama, doya, dankali, rogo, makani. Akwai mai gina jiki, wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya, riɗi, ƙwai, kifi, nama, nono. Sai mai kare jiki daga cututtuka, wato ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace. Mu matsalarmu na farkon ne yake cinye farantin gaba ɗaya, malmalar tuwo uku ga mutum ɗaya da 'yar miya tsululu a gefe. Abinda ake so a juya lamarin, ganye da kayan lambu su kai kusan rabin abinda za'a ci, mai gina jiki kashi ɗaya cikin huɗu, tuwo ko shinkafa ma kashi ɗaya cikin huɗu. Nasan wanda yake aikin ƙarfi, manomi ko lebura ko mai tura kura, dole ya ci tuwo da yawa, wannan ba'a magana, amma wanda zai wuni a zaune a shago ko ofis ba shi da buƙatar malmala uku da daddare ya kwanta akai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana bada shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana, wato kamar cikin hannu biyar, kuma dankali da rogo da doya basa cikin wannan lissafin, su suna ɓangaren masu bada ƙarfi ne. Idan kika ji giram 400 zaki ce ina zamu samu, amma kwaɗon zogale kwano ɗaya da rana, miyar alayyahu mai kauri da daddare, lemo ɗaya ko yankan gwanda, ai kin kusa kaiwa.

Ga misalin yadda ni nake ganin ya dace a jera, ke kuma sai ki canza daidai da gidanki. Karin safe a riƙa juyawa tsakanin koko da ƙosai, kunun gyaɗa da alale, kunun tsamiya da ɗumamen tuwo, dafaffen dankalin Hausa da miyar ƙwai mai albasa da tumatir da yawa, shayi da burodi kuma ya zama sau ɗaya ko biyu a sati maimakon kullum. Da rana Asabar shinkafa da wake da salak, Lahadi faten tsaki ko faten acha da rama ko yakuwa, Litinin ɗan wake da ƙwai da kabeji da tumatir, Talata dambun masara ko na shinkafa da zogale mai yawa, Laraba faten wake da alayyahu da ɗan kifi, Alhamis dafa-duka amma a cika mata karas da koren wake da kabeji, Juma'a kuma a yi abin marmari, shinkafa da miya da nama ko kaza in da hali. Dare dama na tuwo ne a yawancin gidaje, toh a riƙa canza miyar da tuwon, yau na dawa miyar kuka, gobe na masara miyar kuɓewa ɗanya, jibi miyar taushe da kabewa, gata karkashi ko lalo, wata rana miyar zogale da gyaɗa. Idan kin lura a cikin satin nan wake ya fito sau uku ko huɗu, kuma da gangan ne, domin shine naman talaka na gaskiya, in aka haɗa shi da hatsi jiki yana samun abin gina shi sosai ko da nama bai samu ba.

Ki zauna da maigida a kan wannan takardar, musamman in shine yake zuwa kasuwa. Maigida dan Allah in an baka jerin kaya kar ka cire ganyen da kifin kace ba dole bane ka dawo da katan ɗin lemon kwalba.

Mataki na uku, daga jadawalin nan zaki fitar da jerin kayan da za'a siyo, amma ki raba shi kashi uku. Akwai kayan wata, su hatsi, wake, waken suya, gyaɗa, mai, manja, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen kifi, kayan ƙamshi irin su citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa. Akwai kayan sati, albasa, tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji, karas, kabewa, dankali, ƙwai, lemo. Sai kayan da basa jure ajiya wanda za'a riƙa siya ranar da za'a yi amfani dasu ko ana gobe, alayyahu, latas, rama, ɗanyen zogale, nono, ɗanyen kifi. Kuɗin ma haka zaki raba shi, da zarar albashi ko kuɗin cefane ya shigo a fara cire na kayan wata a siyo su a ajiye, sauran a raba gida huɗu na sati huɗu, kowane sati da nashi. Kar a taɓa na sati na uku a sati na farko don an yi baƙi, nan ne ake shiga matsala, ƙarshen wata a koma garau-garau babu ko albasa.

Siyen ɗan ƙulli ɗan ƙulli shi ke cinye kuɗi. Man da kike siya a leda kullum in kika haɗa na wata ɗaya ya fi kuɗin galan, haka shinkafar gwangwani in aka kwatanta da kwano. In kuɗin bazai kai buhu ba ki nemi maƙwabta biyu ko uku ku haɗa ku siyo ku raba, ana yi kuma yana sauƙi sosai. Ki kula da awo ma, a Kano ana cewa kwano, wasu wuraren mudu, wasu tiya, kuma girmansu ba ɗaya bane, har a kasuwa ɗaya zaki tarar kwanon wani ya fi na wani. In kin samu mai awo na gaskiya ki riƙe shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Hatsi da wake da gyaɗa sun fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba lokacin da sabon amfani ya shigo, duk wanda ke da ɗan hali lokacin ya kamata ya ajiye na watanni. Tumatir da albasa da kabeji da karas da latas suna yawa lokacin sanyi zuwa farkon zafi sanda kayan noman rani suka fito, da damina ta kama kuwa tumatir sai ya yi tsada har ana siyan ƙwaya huɗu a kashi. Amma daminar ce kuma lokacin ganye, rama, tafasa, yakuwa, zogale, lalo, ɗanyar kuɓewa duk sai su yi arha. Toh jadawalinki ya riƙa bin wannan, da damina a rage jar miya a koma miyar ganye, da rani a more salak. Haka 'ya'yan itace, mangwaro lokacin zafi, lemo lokacin sanyi, kankana da gwaiba da gwanda in sun fito, kuma kar a raina namu na gida, goruba, magarya, kanya, ɗinya, aduwa, dabino. Ba sai tuffa da inibi ba ne aka ci 'ya'yan itace.

Mataki na huɗu shine kasuwar kanta. In a Kano kike, hatsi da wake Dawanau, kayan miya da kayan lambu Yankaba, 'ya'yan itace 'Yan Lemo, kayan masarufi irin su mai da suga da fulawa Singa, kowane gari kuma yana da irin nashi, a ƙauye ma ranar kasuwa ta fi ko'ina sauƙi. Amma a lissafa kuɗin mota, in abin kaɗan ne kasuwar unguwa ta wadatar. A je da safe sanda kaya suke sabo, a ci abinci kafin a fita saboda mai jin yunwa komai ya gani sai ya siya, kuma a riƙe takardar a hannu a bi ta.

Wajen zaɓen kaya akwai abubuwan da wallahi bai kamata a yi sakaci dasu ba. Wake ki ɗebo a hannu ki shinshina, in kika ji warin magani ki barshi komai kyansa, domin wasu suna zuba maganin ƙwari irin Sniper a cikin wake don kar ya lalace, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi akan haka, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Gara waken da kika ga ƙwaro ɗaya biyu a ciki da wanda yake warin guba. Gyaɗa da masara ki duba kar ki ɗauki mai fumfuna ko wadda ta yi baƙi baƙi ko ta yamutse, irin wannan fumfunar tana fitar da guba mai lalata hanta kuma dafuwa bata kashe ta, in kin tsince ki zubar, kar a ce a ba yara ko a yi ƙuli da ita. Tumatir ɗin da ya fashe ya fara ruɓa wanda ake siyarwa da arha shima ki haƙura dashi. Manja in ya yi ja jawur fiye da ƙima kuma yana barin kala a hannu wadda bata fita da sauƙi ki yi taka tsantsan, ana samun masu zuba masa kala. Ayaba ko mangwaron da bayansa ya nuna rawaya shar amma ciki da tauri babu zaƙi babu ƙamshi, akwai yiwuwar da sinadarin kabaid aka nunar dashi.

Man girki in na kamfani zaki siya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ki nemi ɗan tambarin nan mai hoton ido, alama ce ta an ƙara masa bitamin A, akwai shi a jikin mai da fulawa da suga. Gishiri ki siyi na leda mai aidin, yana kare mutum daga ciwon maƙoƙo kuma yana taimakon ƙwaƙwalwar yara, ki ajiye shi a roba mai murfi. Kifi ɗanye idonsa ya zama garau, ƙarƙashin kunnensa ja, in kin danna naman ya dawo. Nama a siya da safe a inda aka san yanka na ranar ne. Ƙwai kuma in kina shakka ki saka a ruwa, mai kyau yana nutsewa, wanda ya taso sama ya tsufa. Madarar shanu ɗanya a tafasa ta kafin a sha.

Mataki na biyar, kuma wannan mutane da yawa suna tsallake shi, shine aikin da za'a yi da an dawo daga kasuwa. Kar a jibge kaya a leda a tsakar gida a ce sai gobe. Albasa da dankali a baza su a wuri mai iska da inuwa, ba'a cikin leda ba. Tumatir da tattasai da attaruhu na sati a wanke a markaɗa a tafasa har ruwan ya tsotse, in akwai firiza kuma wuta tana samuwa a raba a ƙananan robobi kowace ta girki ɗaya, in babu wuta a ajiye su ɗanyu a baje a fara da waɗanda suka fi nuna. Lokacin da tumatir ya yi arha a yanka a shanya akan tabarma mai tsafta ko faranti a sama, ba'a ƙasa ba, a rufe da ɗan yadi mai shara shara saboda ƙura da ƙuda, wannan busasshen zai cece ki da damina. Zogale da sauran ganye a inuwa ake shanya su, rana tana kashe musu amfani, shi yasa kukar da ta yi kore shar ta fi wadda ta koɗe. Wake kuma ki shanya shi ya bushe sosai, ki zuba a jarka mai tsafta busasshiya ki cika ta har baki ki ɗaure murfin yadda iska bazata shiga ba, ƙwarin zasu mutu da kansu ba tare da magani ba, in mai yawa ne a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, shima haka yake aiki.

Nama in an siyo na sati a yanka a raba kashi kashi tun ranar. Waken suya a ware rana ɗaya a yi awara, a soya wani a niƙa da gero ko dawa da gyaɗa a yi garin kunun yara, irin wanda ake kira Tom Brown, yana da kyau sosai ga yaron da ya wuce wata shida ya fara cin abinci tare da nono.

Kayan da za'a ci ɗanye irin latas, kabeji, kokwamba, tumatir, a wanke su da ruwa mai tsafta sau biyu ko uku ganye ganye kafin a yanka, domin wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake basu. Wuƙa da katakon da aka yanka nama a wanke da sabulu kafin su taɓa salak.

Na shida shine hannunki wajen girki, domin zaki iya siyo kaya masu kyau ki ɓata su a tukunya. Gishiri shine babba. Abinda ake so babban mutum kar ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma wannan ya haɗa da wanda yake cikin magi da burodi da yaji da komai. Shi ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, toh ki duba tukunyar da aka jefa ɗunƙule takwas sannan aka ƙara gishiri, aka zo ci kuma aka barbaɗa yaji mai magi. Hawan jinin da ya cika gidajenmu yana da alaƙa da wannan. Ba nace ki daina rana ɗaya ba, mutan gidan zasu ce miyar lami ce, a hankali zaki riƙa ragewa, wannan satin ki cire ɗaya, bayan sati biyu ki ƙara cire ɗaya, ki maye gurbinsu da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, garin busasshen kifi, harshe yana sabawa.

Mai ki riƙa aunawa da cokali ko ludayi maimakon tuttulawa daga galan, miyar da mai ya kwanta a samanta kamar tafki asarar kuɗi ce da lafiya. Manja kar ki barshi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan nashi shine amfaninsa. Man da aka yi suya dashi sau da yawa har ya yi baƙi a zubar. Awara da ƙosai da dankali ba kullum sai an soya ba, alale da dafaffen dankali da awara cikin miya duk suna tafiya. Ganye a saka shi ƙarshe, minti kaɗan a sauke yana kore. Wake a jiƙa shi tun dare ya fi a cika masa kanwa, zai dahu da wuri, a samu sauƙin gas ko gawayi, kuma yawan kanwa yana rage wasu bitamin ɗin.

Suga kuma ana so kar ya wuce kamar cokalin shayi 12 a rana ga babba, in an yi rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗaukar kusan cokali tara ita kaɗai. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lemon tsamiya, lemon citta na gida sun fi, amma fa in aka zuba musu suga kofi guda an dawo gidan jiya, a rage, kunun aya dabino ma ya isar masa. Mace mai ciki ko mai ƙarancin jini ta guji shan shayi tare da abinci domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini, ta bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, ta matsa lemon tsami a kwaɗo ko ta sha lemon zaƙi bayan faten wake. Wanda yake da ciwon suga ko ciwon ƙoda kuma ya kai jadawalin nan wajen likitansa a gyara masa, domin nashi tsarin daban ne.

Abin makarantar yara shima ki saka shi a jadawalin tun farko, in ba haka ba kullum biskit da lemon leda ne. Dafaffen ƙwai, alale, gyaɗa, dabino, ayaba, yankakken dankali, awara, da gorar ruwa. Indomi in za'a dafa a saka rabin garin da ke ciki, a fasa ƙwai a zuba kabeji da karas.

Ragowar abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye a waje musamman lokacin zafi, in akwai firij a saka da wuri, in babu a dafa daidai ci. Ɗumame kuma a tabbatar ya yi zafi sosai har cikinsa, miya ta tafasa, ba wai a ɗan nuna mata wuta ba. Daren da ya rage gobe za'a je cefanen sati sai ki koma kan takardarki, ki ga wane girki ne aka cinye tas, wanne aka bari, me ya lalace kafin a yi amfani dashi, in kabeji ya ruɓe a rage yawansa, in yara sun ƙi faten acha a gwada shi da yakuwa da gyaɗa maimakon rama, sannan ki rubuta jadawalin sati mai zuwa da jerin kayansa ki ba mai zuwa kasuwa.